Yadda ake ɗura garin magani a kafso don dabbobi, tun daga lissafi har ya shiga ciki

Wata Hajiya ce ta shigo mana shago nan cikin garin Bauchi da magenta a kwandon roba, bayan hannunta duk yaƙushi, tun kafin ta zauna take cewa "ɗana dan Allah ku taimake ni, magen nan ta gagare ni." Ashe Dakta, likitan dabbobi, ya rubuta wa magen doksi (wato doksisaikilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta) miligiram 40 kullum sau ɗaya har kwana 14, taje kemis aka bata na mutane mai miligiram 100, shine take buɗe kafson a faranti tana raba garin da ido, abinda take ganin ya kusa rabi sai ta barbaɗa a kifin gwangwani. Mage ta sunsuna ta juya baya. Ranar da suka danne ta suka shafa mata a harshe kuwa kumfa ta dinga fita a bakinta kamar an kaɗa omo, Hajiya ta ɗauka mutuwa zatayi, alhali ɗaci ne kawai ya dame ta.

Toh irin wannan ne yake kai mutum ga ɗura magani a kafso da hannunsa. Ko dai maganin yana da ɗaci dabba bata yarda dashi, ko awon da ke kasuwa yafi ƙarfin jikinta, ko kuma a gari yazo tun asali kuma dabba ɗaya tak kake son baiwa. Ni ba likita bane, ƙarƙashin likitan dabbobi nake aiki, kuma abinda zan faɗa anan aikin hannu ne kawai. Sunan magani da yawansa da kwana nawa za'a sha, wannan na Dakta ne, idan babu takardarsa a hannunka kar ma ka fara. Sannan abinda ka ɗura na dabbar da aka rubuta mawa ne. Wanda ya cika roba da kafso mara suna ya kai kasuwar dabbobi yana sayarwa, shi da NAFDAC ne, kuma gaskiyarsu.

Abu ɗaya da nake so ya zauna maka tun yanzu: kafso mazubi ne, baya auna komai. Sikeli ne yake awo. Duk kuskuren da na taɓa gani a wannan aikin daga nan yake tasowa, mutum yace "ai na cika shi fal", kamar cikar tana nufin wani abu.

Kayan da zaka tanada

Na farko kwanson kafso, wato fanko wanda ba'a taɓa zuba komai a ciki ba. Lambobinsa a juye suke tafiya, iya girman lamba iya ƙanƙantar kwanso. 000 shine babba a na mutane, sai 00, sai 0, 1, 2, 3, 4, har 5 wanda shine ɗan mitsitsi. 00 yana cin abinda ya kusa mil 1 (mililita, awon jikin sirinji), lamba 0 wajen 0.68, lamba 1 rabin mil, lamba 3 kuma 0.3, lamba 4 wajen 0.2. Mage da tattabara 3 ko 4 ko 5, ƙaramin kare 2 ko 1, babban kare ko akuya 0 zuwa 00. Akwai wasu manya na musamman na shanu, su 10, 11, 12, 13, amma saniya galibi maganinta a bolas yake zuwa, wato ƙatuwar ƙwayar nan ta dabbobi, ba kasafai zaka buƙace su ba. Yawancin kwanso da jelatin ake yi, shi kuma daga fata da ƙashin dabba ake samunsa, wani na shanu wani na alade, don haka wanda zuciyarsa bata kwanta ba sai ya nemi wanda aka rubuta HPMC a jiki, shi daga tsiro ake yinsa, kuma yafi jure hunturunmu ma.

Dan Allah kar ka zazzage kafson wani magani kace zaka yi amfani da kwansonsa. Ko ka busa ka kaɗe akwai saura a ciki, kuma kalarsa zata ruɗi wani a gida ya ɗauka maganin da ya sani ne.

Sai sikeli, kuma anan ne kuɗinka ya kamata ya tafi. Na kicin mai auna giram ɗaya-ɗaya bashi da wani amfani anan. Irin na masu gwal ake nema. Akwai mai nuna 0.01 na giram, akwai mai nuna 0.001. Mai 0.01 duk motsinsa ɗaya miligiram 10 ne, kaga idan abinda kake aunawa miligiram 50 ne to motsi ɗaya ya cinye kashi ɗaya cikin biyar na maganin. Ƙa'idar da masu haɗa magani ke bi itace kar ka auna abinda bai kai ninki 20 na ƙaramin motsin sikelinka ba. Mai 0.01 kenan kar ka sauka ƙasa da miligiram 200, mai 0.001 kuma ƙasa da 20. Idan mai 0.01 ne kaɗai gareka akwai dabara, zamu zo wajen. Kafin ka fara ka gwada shi da ɗan ƙarfen gwaji da yake zuwa a kwalin, in babu ka ɗora murfin roba ka maida sikelin sifili ka tsiyaya ruwa mil 5 daga sirinji, ya kamata ya nuna maka kusan giram 5. Idan ya nuna abinda yayi nisa da haka canza batir ka sake gwadawa.

Sauran kayan masu sauƙi ne. Tayil fari mai santsi ko faranti na tangaran, ɗan turmin tangaran ko na gilas da taɓaryarsa (na katako yana shan magani, kar ka taɓa na dakan yajin gida), ƙaramin cokali mai faɗin baki, tsohon katin waya ko na banki da aka wanke don tattara gari, matacin shayi sabo, safar hannu, takunkumi, tishu, robar magani mai murfi, biro da takarda. Da kuma garin ciko, wanda shi ba magani bane, cika wuri kawai yake. Laktos ko sitacin masara busasshe ake sawa. Kar ka sa madarar gari, musamman da doksi da danginsa, saboda sinadarin kalsiyam na madara yana kama maganin ya hana jiki ya sha shi.

Wuri kuma, ɗaki mai ƙofa, ba kicin ba, babu yara. Ka kashe fanka. Wannan da kaina na koya, wata rana cikin zafin Afrilu na gama auna gari na shimfiɗa a tayil babu wuta, kawai sai NEPA suka kawo, fankar sama da aka bari a kunne ta tashi, kafin in miƙe rabin garin yana kan rigata rabi a ƙasa. Tun daga ranar makunnin fanka nake fara dubawa kafin komai.

Lissafi, inda ake faɗuwa

Mu koma kan magen Hajiya. Kilo 4 take, Dakta ya rubuta 40 kullum, kwana 14. Kafso 14 kenan ake so. Amma kullum ka yi lissafi da ƙarin ɗaya ko biyu, don dole wani gari ya manne a turmi da tayil da kati. Sai muce 15. 15 sau 40 ya bada 600, wato kafson mutane mai 100 guda shida cif.

Ga inda mutane ke shiga rami. Wancan 100 da aka rubuta a kwali nauyin maganin ne zalla, ba nauyin garin da ke cikin kafson ba. Kamfani ya riga ya haɗa shi da nasa garin cikon. Don haka idan ka buɗe ka auna miligiram 40 na garin ka ɗura, abinda ka baiwa mage bai kai 40 na magani ba, ƙila ko rabi bai kai ba, sai a gama kwana 14 ciwo na nan a fara cewa maganin jabu ne.

Yadda ake yi shine ka buɗe duka shidan, ka zazzage su tas a takarda mai santsi da ka riga ka ɗora a sikeli ka maida sifili, ka ga nauyinsu gaba ɗaya. Mu ƙaddara ya nuna 1,500 (misali ne, kowane kamfani da nasa, naka ka auna). A cikin 1,500 ɗin nan akwai magani 600. Ka raba 1,500 gida 15, kowane kafso zai ɗauki gari miligiram 100, a cikinsa kuma akwai maganin 40 da ake nema. Shikenan. Ƙwaya ma haka ne, ka ƙirga adadin da zai baka jimillar maganin, ka niƙa su tare, ka auna garin, ka raba.

Idan kuma garin sacet ne ko na gwangwani irin wanda ake rubuta kashi cikin ɗari, to 10% yana nufin kowane giram ɗaya akwai magani miligiram 100, 20% akwai 200, 50% akwai 500. Mai 20% idan kana neman 40 sai ka auna gari 200. Amma ka karanta jikin sacet ɗin da kyau, yawancin garin kaji da ake sayarwa haɗi ne, magani biyu ko uku har da bitamin a ciki, kuma don ruwan sha aka yi shi. Kar ka ga sunan da kake nema a jiki kawai ka ɗura wa kare ko mage, nuna wa Dakta tukuna.

Ka rubuta lissafin a takarda, kar ka riƙe a ka. Ni har yau idan na gama sai na miƙa wa wani ya sake bi, sifili ɗaya ne tsakanin magani da guba.

Ba kowace ƙwaya ake niƙawa ba. Duk wadda aka rubuta SR ko CR ko XL ko EC a bayan sunanta, ko kafson da ka buɗe ka ga ƙananan duwatsu kamar gero maimakon gari, an yi su ne don su narke a hankali ko su wuce ciki kafin su narke, idan ka niƙa ka lalata wannan tsarin, maganin yini guda ya shiga jini lokaci ɗaya. Sannan akwai na mutane da sam ba'a kusantar dabba dasu. Farasitamol yana kashe mage, ƙwaya ɗaya ta isa. Ibufurofen yana huda cikin kare ya taɓa ƙodarsa. Kuloramfenikol kuma ba'a baiwa dabbar da za'a ci, kai kanka mai ɗurawa ƙurarsa haɗari ce gareka. Mai ciki da wanda jikinsa baya son fenisilin su ma su bar wa wani aikin.

Niƙa da gaurayawa

Ka wanke hannu ka busar sosai, ka sa safa da takunkumi. Danshin yatsa kaɗai ya isa ya sa jelatin ya fara yauƙi yana manne maka. Idan ƙwaya ce ka fara farfasa ta a turmi sannan ka murza a zagaye har ta zama laushi kamar hodar shafawa, ka tankaɗe a mataci, abinda ya tsaya ka maida ka sake murzawa, kar ka zubar dashi don yana cikin lissafi.

Yanzu tambaya, ana buƙatar garin ciko ko a'a? Idan zaka auna kowane kafso ɗaya bayan ɗaya a sikeli mai 0.001, ba dole bane, kafso ya tsaya rabi babu laifi, ba cikarsa ake sha ba. Ciko yana zama dole a wuri biyu. Na ɗaya idan abinda zaka auna yayi ƙanƙanta wa sikelinka, sai ka ƙara ciko har rabon kowane kafso ya kai nauyin da sikelin zai iya, wannan itace dabarar mai 0.01 da nace zamu zo, misali ka ninka garin Hajiya da sitaci 1,500 ya zama 3,000, kowane kafso ya ɗauki 200 a kwanso mai ɗan girma. Na biyu idan da allon ɗura zakayi aiki ko da hanyar dangwala, waɗanda zamu zo kansu a gaba, don su dole kowane kwanso ya cika daidai da ɗan uwansa.

Don sanin cikon da zaka ƙara, ka ɗauki kwanso biyar ka cika su da garin cikon zalla yadda zaka cika na gaske, ka auna abinda suka ci ka raba biyar. Muce kowanne yaci 150. Guda 15 zasu ci 2,250. Kana da garin magani 1,500, saura 750 kenan na ciko. Wani gari yafi wani nauyi, don haka wannan kusan-kusan ne, sikeli ne zai raba gardama a ƙarshe.

Gaurayawar kanta tana da ƙa'ida, kuma duk wanda ya taɓa haɗa abincin kaji ya santa, ba'a watsa firimiks cikin buhun masara kai tsaye, sai an fara cakuɗa shi da ɗan dusa ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Nan ma haka. Ka fara da wanda yafi ƙanƙanta a cikin biyun, ka zuba masa daidai yawansa na ɗayan, ka murza su haɗu, sannan ka ƙara daidai yawan abinda ke turmin, haka har ya ƙare. Idan magani 200 ne ciko 1,400, to 200 da 200 sun zama 400, ka ƙara 400 ya zama 800, ka ƙara 800 ya zama 1,600. Kowane zagaye ka kankare gefen turmi da kati ka maido tsakiya. Doksi yana da daɗin aiki anan saboda rawaya ne, sitaci fari, idan kana ganin zane-zanen fari to bai haɗu ba. Wahalar tana wajen fari da fari, ido baya gani, sai dai ka bi ƙa'idar ka bashi lokaci. Mai gaggawa anan shine yake fitar da kafso ɗaya kusan sitaci zalla, wani kuma ninki biyu.

Ɗurawar kanta

Kwanso gida biyu ne, dogon shine jiki, gajeren mai faɗi shine hula. A jiki kaɗai ake zuba gari. Ka cire hulunan duka ka ajiye su a busasshen faranti.

Hanyar da nafi yarda da ita idan basu wuce ashirin ba itace ɗaya bayan ɗaya. Ka ɗora fankon kwanso da hularsa a sikeli ka danna maɓallin sifili, don kwanson kansa yana da nauyi, mai lamba 0 shi kaɗai ya kusa miligiram 100, wanda ya manta wannan ya cuci dabbar. Sai ka auna garin a ƴar takarda da ka ninke tsakiyarta kamar indararo, ka riƙe jikin kwanson a tsaye, ka tsiyaya a hankali kana ɗan ƙwanƙwasa gindinsa a tayil don garin ya zauna. Idan hannunka na rawa ka huda ramuka a murfin kwali ko soson katifa ka jera su a tsaye. Ka ɗora hula sama-sama ka auna, idan yayi daidai sannan ka danna har kaji ɗan ƙas, ya kulle kenan. Kar ka kulle kafin ka auna, buɗe kullallen kafso da wuya, yana iya fashewa.

Hanya ta biyu dangwala. Ka tara garin a tayil ka danne shi da kati ya zama kamar ƴar waina mai kaurin kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon jikin kwanson, ka kifa bakin kwanson kana dangwalawa kana ɗan murzawa har kaji ya cika ya fara turjiya. Tana da sauri amma sai hannu ya saba, kuma garin da baya kama jikinsa kamar yashi zubowa yake. Lokacin da na fara, Dakta yasa na dangwala goma ya ce in jera a sikeli ɗaya-ɗaya, ina ta murmushi don a ido duk iri ɗaya ne. Wallahi babu biyu da suka zo daidai, na farko-farko sun fi nauyi don da ƙarfina nake dannawa, na ƙarshe hannu ya gaji. Kallona kawai yayi yace "zazzage ka sake."

Hanya ta uku allon ɗura, wani faifan roba mai ramuka 24 ko 50 ko 100, kowane allo da lambar kwanson da yake ci. Ka jera jikkunan a ramuka bakinsu daidai da saman allon, ramukan da bazaka yi amfani dasu ba ka rufe da salatif, ka juye duka garin da ka auna na adadin, ka baza da kati ko'ina, ka danna da madannin da yake zuwa dashi, ka sake bazawa ka sake dannawa har garin ya ƙare tas. Ya ƙare tas ɗin nan shine sharaɗi. Idan ya ƙare wasu ramuka basu cika ba, ko sun cika gari ya rage, to cikonka bai yi daidai ba, ka zazzage ka gyara, kar kace ai ɗan kaɗan ne. A nan allon da adadin da ka lissafa ake aiki, wato duka 15 ɗin zaka jera.

Ko wace hanya ka bi, a ƙarshe sai ka auna. In kaɗan ne duka, in da yawa ne ka tsinci goma daga wurare daban-daban. Kada wani ya wuce ko ya gaza da fiye da kashi 10 cikin 100 na abinda kake nema, idan 150 ne to tsakanin 135 da 165. Wanda ya fita ka ware shi. Sannan ka goge bayan kowanne da busasshen tishu, don ƙurar da ta manne a baya ita zata kai ɗacin bakin mage, duk wahalarka ta tashi a banza.

Ajiya, da yanayin garinmu

Jelatin yana da ɗan ruwa a jikinsa, wajen kashi 13 zuwa 16 cikin 100, kuma da shi yake rayuwa. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu lokacin da leɓe ke tsagewa, iska tana zuƙe ruwan nan sai kwanso ya zama kamar ɓawon ƙwai, kana dannawa ya ruguje. Da damina kuma musamman Agusta sai ya sha danshi yayi laushi ya manne da ƴan uwansa. Don haka ledar fankon kwanso kullum a ɗaure, ka ciri iya wanda zaka yi aiki dashi ka rufe. Ɗan ƙunshin nan mai shan danshi da ake samu a robar magani, da damina ka jefa ɗaya a robar, da hunturu kuwa cire shi, ƙara busar dasu zaiyi. Kar a bari a mota, kar a bari a taga, kar a sa a aljihu a hau mashin cikin ranar Maris. Firij ma ba wurinsu bane sai in Dakta yace, yadda wuta ke zuwa tana ɗaukewa gumi ne zai dinga sauka a kansu.

A jikin robar ka rubuta sunan magani, miligiram nawa ne a kowane ɗaya, wace dabba, sau nawa a rana, ranar da aka ɗura, sannan da manyan baƙi NA DABBA NE. Busasshen haɗi irin wannan ƙa'ida bata yarda ya wuce wata shida ba, ko ranar lalacewar maganin asali in ita tafi kusa, amma ni a zafinmu iya na kwanakin da aka rubuta nake ɗurawa, in sun ƙare wanda ya rage ya tafi.

Sai kai shi ciki

Mage ka naɗe ta a zani ko tawul kai kaɗai a waje. Ka shafa wa kafson ɗan man shanu, banda ruwa, ruwa sa shi yake ya manne. Ka kama kanta ta sama ka ɗaga hancin, haɓar zata saki da kanta, ka jefa can gindin harshe ka rufe bakin kana shafa wuya. In ta lashi hanci yawanci ta haɗiye. Daga nan kar ka sake ta, ka bi da ruwa wajen mil 5 zuwa 6 a sirinji ta gefen baki kaɗan-kaɗan, ko ka bata abinci mai laushi nan take. Da doksi wannan ba zaɓi bane, idan kafson ya tsaya a hanyar abinci ya narke a wurin yana ƙona wajen, in ya warke ya tsuke, mage ta dawo komai taci sai ta dawo dashi. Ruwa nace, banda nono ko madara.

Kare yafi sauƙi. Tsoka uku, ta farko babu komai, ta biyu da kafson a ciki, ta uku kana nuna masa ita tun yana haɗiyar ta biyun, kwaɗayi bazai barshi ya tauna ba.

Akuya da tunkiya ka matsa da ita kusurwa ka sa ta tsakanin ƙafafunka, hannu ɗaya ƙarƙashin haɓa, kai a miƙe ba'a ɗage sama sosai ba. Da abin tura bolas ake sawa, ta gefen baki inda babu haƙori, a wuce tudun harshe sannan a tura a hankali. Kar ka kuskura ka kai yatsa wajen turamen haƙoranta, kaifinsu kamar almakashi. In ta fara tari ko numfashi ya canza ka tsaya. Abu uku kuma game da masu tuƙa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ta baki ga babbar akuya ko tunkiya ko saniya yana iya kashe ƙwayoyin tumbi masu narka mata ciyawa, shi yasa likitoci suka fi yi musu allura. Albendazol ba'a baiwa mai sabon ciki, watan farko zuwa wata ɗaya da rabi, yana taɓa ɗan. Sannan kowane magani yana da kwanakin jira kafin a yanka ko a sha nono, an rubuta a kwalin asali, kai da ka cire shi daga kwalin kai zaka kwafa a jikin robarka, balle in Sallah ta matso ana ta ɗura wa ragunan layya abubuwa.

Idan dabba ta amayar kana ganin kafson ɗungurungum, ko bayan ɗan lokaci baka san ko ya narke ba, kar ka ƙara wani da ra'ayinka, kira Dakta ka gaya masa minti nawa tsakani.

Turmi da tayil da kati da mataci a wanke da sabulu a ɗauraye sosai a kife su bushe kafin wani magani ya hau, allon ɗura a warware shi gida-gida don gari na ɓuya a ramuka. Ragowar gari da tishun da ka goge dasu ka ƙulle a leda, kar a watsa a tsakar gida kaji su bi su tsattsage. Hajiya dai da ta dawo karɓar na kwanakin ƙarshe babu sabon yaƙushi a hannunta, sai ƙorafi ɗaya, wai yanzu magen na ganin an ɗauko tawul ɗin nan take hayewa saman katanga.